'Yan mishan na Don Bosco: Yadda aikin renon matasa ya tashi daga Turin ya zagaya duniya

Kowace shekara, galibi a ƙarshen watan Satumba, akan yi wani taron addu'a a babbar cocin da ke unguwar Valdocco a birnin Turin na arewacin Italiya. A wurin ne shugaban ƙungiyar Salesian, wadda aka fi sani da sunan wanda ya kafa ta, Don Bosco, yake rataya wa wasu mutane ƙaramin gicciye a wuya, alamar cewa an sallame su zuwa aiki a ƙasar da ba tasu ba. Yawansu bai taka kara ya karya ba, mutum ashirin ne ko talatin da 'yan kai. Akasarinsu matasa ne, kuma sharaɗin tafiyar shi ne ba a sa mata ranar dawowa.

An fara wannan al'ada ranar 11 ga Nuwamban 1875, lokacin da mutum goma suka tashi zuwa Ajantina a ƙarƙashin jagorancin wani limami mai suna Giovanni Cagliero. Duk wanda ya duba sunayen waɗanda ake sallama a 'yan shekarun nan zai tarar da 'yan Biyetnam da Indiya da Kongo da Madagaska sun yi wa Turawa rinjaye, kuma a cikin ƙasashen da ake tura su har da na Turai.

A Arewacin Najeriya, idan aka ce ɗan mishan, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne Bature mai farar riga da makaranta da ɗakin shan magani a gefen gari. Akwai dalili. Kwalejin Rimi ta Kaduna makarantar St. John's ce ta limaman Katolika kafin gwamnati ta karɓe ta, haka nan Kwalejin Sarauniya Amina ta Kakuri makarantar sistoci ce a da. Sai dai wannan hoto ya tsufa. Ƙungiyar Don Bosco, mai mambobi kusan 14,000 a ƙasashe sama da 130, tana nuna yadda aikin ya koma a yau, domin ita ce a cikin manyan ƙungiyoyin Cocin Katolika ta ɗauki matasa, musamman 'ya'yan talakawa, a matsayin aikinta na farko.

Yaran da birni ya tara

An haifi Giovanni Bosco ranar 16 ga Agustan 1815 a wani ƙauye da ke yankin Piedmont. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara biyu, ya tashi a hannun mahaifiyarsa Margherita cikin talauci, ya yi ƙodago a gonakin mutane, ya taɓa ɗinki da ƙira don ya samu abin biyan kuɗin karatu. An naɗa shi limami a 1841. Kalmar Don da ke gaban sunansa laƙabi ne da Italiyawa ke kiran limaman coci da shi.

Turin ta wancan zamani tana bunƙasa, gine-gine na tashi, kuma yara maza na kwararowa daga ƙauyuka neman aikin lebura da share bututun hayaƙi. Wanda ya samu aiki yakan yi shi daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, wanda bai samu ba yakan kwana a titi. Malamin Bosco, wani limami mai suna Giuseppe Cafasso, ya riƙa ɗaukar sa zuwa gidajen yarin birnin, inda ya ga samari 'yan shekara 12 zuwa 18 a cunkushe, ba aiki ba karatu. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yadda waɗanda aka saki suke komowa bayan ɗan lokaci. Ya yanke hukunci cewa suna komowa ne saboda babu wanda ke jiran su a waje.

Ya fara tara su ranar Lahadi don wasa da karatun addini. Maƙwabta suka riƙa korar su daga wannan fili zuwa wancan saboda hayaniya, har zuwa watan Afrilun 1846 da ya samu hayar wata rumfa a Valdocco. Nan ne hedikwatar ruhin ƙungiyar har gobe.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu wa'azi na zamaninsa ya fito fili a wata takarda da aka adana, mai ɗauke da kwanan wata 8 ga Fabrairun 1852. Yarjejeniyar koyon sana'a ce tsakanin wani kafinta da wani yaro, Bosco da mahaifin yaron suka sa hannu a matsayin masu tsaya masa. Takardar ta wajabta wa maigidan ya koya wa yaron kafinta tsakani da Allah, kada ya mayar da shi ɗan aike a ayyukan da ba na sana'ar ba, ya yi masa gyara da baki ba da duka ba, ya bar shi ya huta a ranakun ibada, kuma ladansa ya riƙa ƙaruwa da tafiyar lokaci. Duk wanda ya san yadda yaron shago ke shafe shekaru yana wanke-wanke da kai saƙo kafin a bar shi ya riƙe guduma zai gane darajar waɗannan sharuɗɗa, balle a lokacin da babu wata dokar ƙwadago mai ƙarfi da ke kare yaro.

Da ya ga masu gida da yawa ba sa cika alkawari, sai ya buɗe nasa wuraren koyon sana'a. Ya fara da ɗinkin takalma da na tufafi a 1853, aka ƙara haɗa littattafai, sai kafinta, sai ɗab'i da ƙira. A ranar 18 ga Disamban 1859 ya kafa ƙungiyar a hukumance tare da wasu daga cikin yaran da ya rena, ya sa mata sunan Francis na Sales, wani bishop da ya yi suna wajen sanyin hali. A 1872 aka kafa reshen mata tare da Maria Mazzarello. Bosco ya rasu ranar 31 ga Janairun 1888.

Babba a filin wasa

Hanyar tarbiyyar da ya bari ana kiran ta tsarin rigakafi, kuma ya rubuta ta a wata gajeriyar takarda a 1877. Ya gina ta a kan hankali da addini da nuna ƙauna. A aikace, ma'anarta ita ce malami ba ya zama a ofis yana jiran a kawo masa mai laifi. Yana cikin yara a filin ƙwallo, yana tare da su a wurin cin abinci, ya san sunan kowa da halin gidansu, ta yadda zai hango matsala kafin ta faru. Duka haramun ne a tsarin, haka ma tozarta yaro a gaban 'yan'uwansa. Da dare, kafin kwanciya, shugaban gida yakan yi wa yaran magana ta 'yan mintoci kan wani abu da ya faru a ranar. Ana yin wannan har yanzu a gidajen ƙungiyar, ko da yake a makarantun jeka-ka-dawo an mayar da shi safiya.

Cocin Katolika na da manyan tarukan matasa da ke jan hankalin duniya, irin Ranar Matasa ta Duniya da Fafaroma John Paul na Biyu ya assasa, wadda aka yi a Lisbon a 2023 kuma za a yi a Seoul a 2027. Irin wannan taro na mako guda ne. Aikin da ake tura ɗan mishan ya yi shi ne na sauran ranakun shekara, kuma ba shi da armashin da kyamara ke so: buɗe ƙofar fili da yamma, raba faɗa, bin yaron da ya daina zuwa aji har gida.

Kafin a kai ga gicciyen

Ba a zama ɗan mishan da rana tsaka. Saurayin da ya nemi shiga ƙungiyar yakan fara da zaman gwaji, sannan shekara guda ta keɓewa da horo, wadda a ƙarshenta yake ɗaukar alkawura uku: ba zai mallaki dukiya ta kansa ba, ba zai yi aure ba, kuma zai yi biyayya ga shugabanninsa. Da farko alkawuran na wucin gadi ne, ana sabunta su. Daga nan sai karatun falsafa da ilimin koyarwa, sai shekara biyu ko uku na aiki a cikin yara a wata makaranta, sai shekara huɗu na ilimin addini ga wanda zai zama limami. Idan aka haɗa, abin yakan haura shekara goma. Akwai kuma waɗanda ke ɗaukar alkawuran amma ba sa zama limamai, ana ce musu burada, kuma su ne sau da yawa ke riƙe da wuraren koyar da walda da kanikanci da lantarki.

Mai son fita waje yakan rubuta wasiƙa kai tsaye zuwa ga shugaban ƙungiyar a Rum, yana miƙa kansa. Ba shi ke zaɓar ƙasa ba. Da yawa ana tura su tun ba su gama karatu ba, kuma akwai hikima a ciki, domin harshe ya fi shiga kan ɗan shekara 25 fiye da ɗan shekara 45, sannan wanda ya yi karatun addininsa a ƙasar da zai zauna ya fi saurin zama ɗan gida.

Shekarun farko su ne masu wuya. Mutumin da ya saba ana sauraren sa yakan koma kamar jariri, ba ya iya sayen gishiri a kasuwa sai da tafinta, yaran da aka ce ya kula da su suna yi masa dariya idan ya karya harshe. Ga abincin da ciki bai saba da shi ba, ga zazzaɓi ko sanyin da bai taɓa gani ba. Ba ya karɓar albashi a hannunsa, duk abin da ya shigo na gidan ne. Yana zaune da wasu 'yan mutane da bai zaɓa ba, wataƙila kowannensu daga wata nahiya. Ziyarar gida sai bayan 'yan shekaru, kuma ba kasafai ake samun halartar jana'izar iyaye ba. Ga ɗan Afirka akwai ƙarin nauyi da Bature bai cika sani ba: dangin da suka ga ɗansu ya tafi Turai suna sa ran saƙo, alhali ya yi alkawarin ba zai mallaki ko sisi ba.

Freetown da Kakuma

Wurare biyu a Afirka sun isa misali. A Freetown, babban birnin Saliyo, ƙungiyar ta buɗe wata cibiya a 1998, ana tsakiyar yaƙin basasa, mai suna Don Bosco Fambul. Kalmar fambul na nufin iyali a harshen Kiriyo. Ma'aikatanta, waɗanda mafi yawansu 'yan ƙasar ne da suka karanci aikin jin daɗin jama'a, suna fita da mota da dare zuwa kasuwanni da tashoshin da yara ke kwana. Ba a ɗauke yaro da ƙarfi. Ana ba shi magani, a yi wasa da shi, a dawo gobe, har ya yarda da kansa. Wanda ya shiga gidan yakan yi wasu watanni, amma ba a nufin ya dawwama a can. Babban aikin shi ne gano danginsa, a binciki abin da ya kore shi, a sasanta, sannan a ci gaba da leƙa shi bayan ya koma. Wannan ne ɓangaren da ya fi cin lokaci da kuɗi, kuma a nan ake gane ko aikin ya yi ko bai yi ba, domin ciyar da yaro wata shida abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da gyara gidan da ya gudo daga cikinsa.

Lokacin annobar Ebola ta 2014, wadda ta kashe mutum kusan 4,000 a Saliyo, cibiyar ta karɓi marayun da dangi ke tsoron taɓawa. Tana kuma aiki a gidan yarin Pademba Road, wanda aka gina don mutum 324 amma yake ɗauke da ninkin haka sau da yawa, inda take kai abinci da ruwa da taimakon lauya ga samarin da suka daɗe ba a yi musu shari'a ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka shugabanci cibiyar, Fada Jorge Crisafulli, ɗan Ajantina ne, wato ƙasar da aka fara tura 'yan mishan ɗin ƙungiyar ita ma ta zama mai turawa.

Kakuma kuwa sansanin 'yan gudun hijira ne a yankin Turkana mai tsananin zafi da fari a arewa maso yammacin Kenya. An buɗe shi a 1992 saboda dubban yara maza da suka tsere wa yaƙin kudancin Sudan a ƙafa. Yau yana ɗauke da mutum sama da 200,000 daga Sudan ta Kudu da Somaliya da Kongo da Burundi da Habasha, kuma akwai waɗanda aka haifa a ciki har suka haifi nasu. 'Yan Don Bosco ne ke gudanar da manyan wuraren koyon sana'a na sansanin, inda ake koyar da gini da kafinta da walda da gyaran mota da ɗinki da lantarki da kwamfuta, kuma ɗalibai na zama jarrabawar sana'a ta gwamnatin Kenya. Ba a tambayar addinin mai neman gurbi.

Sai dai Kakuma ta nuna iyakar abin da sana'a za ta iya yi. Saurayi zai ƙware a walda, ya riƙe takardar shaida, amma fita daga sansanin sai da izini, samun takardar izinin aiki kuma ya fi ƙarfin mafi yawansu. Kasuwar cikin sansanin ta dogara da abin da hukumomin agaji ke rabawa, kuma da aka zaftare tallafin abinci a 2025 bayan Amurka ta janye kuɗaɗenta, wanda ba shi da abin sawa a tukunya ba zai sayi ƙofar ƙarfe ba. Ƙungiyar kanta da kuɗin waje take tafiya. Tana da ofisoshin tara gudummawa a New Rochelle ta Amurka da Madrid da Bonn da Turin, kuma masu bayarwar, tsofaffin Katolikan Turai, suna raguwa.

Tambayar da ke bakin iyaye

Duk inda ɗan mishan ya buɗe makaranta a cikin al'ummar da ba Kirista ba, tambaya ɗaya ce ke fara zuwa: shin ilimin ƙugiya ce da aka sa wa tsutsa? Tambayar ba ta rasa tushe ba, domin a zamanin mulkin mallaka makaranta ce babbar ƙofar shiga coci a yawancin Afirka, kuma masu aikin ba su ɓoye hakan ba.

Matsayin Cocin a rubuce ya sauya. Babban taron bishop-bishop na Vatican na biyu ya fitar da takarda kan aikin mishan a 1965 wadda ta haramta tilasta wa mutum shiga addinin ko jan sa da dabarun da ba su dace ba, kuma a shekarar ne ya fitar da wata da ta yi magana kan Musulmi da girmamawa. Fafaroma Benedict na 16 ya nanata a 2005 cewa ba a yin amfani da aikin jinƙai a matsayin hanyar farautar mabiya. Wannan ba ya nufin Cocin ta daina son mutane su karɓi saƙonta. Ɗan mishan mai gaskiya zai ce imaninsa ne ya fito da shi daga gida, kuma zai yi murna da duk wanda ya zo da kansa.

Abin da ke faruwa a ƙasa ya danganta da wuri. A Manouba, kusa da birnin Tunis, ƙungiyar na gudanar da makarantar firamare da ɗalibanta da malamanta Musulmi ne, a ƙasar da yarjejeniyar 1964 tsakanin gwamnati da Vatican ta taƙaita ayyukan Cocin ƙwarai. Shugaban ƙungiyar na yanzu, Fada Fabio Attard ɗan Malta, wanda aka zaɓa a watan Maris na 2025, ya yi aiki a Tunisiya yana matashin limami. A El Obeid ta Sudan, cibiyar sana'arsu ta horar da samarin Darfur da yaƙi ya raba da gidajensu. A irin waɗannan wurare, iyaye ne alƙalai. Makarantar da aka kama tana wasa da aƙidar yara ba za ta ga shekara mai zuwa ba, kuma masu gudanar da ita sun san haka.

Haɗari daga waje, ɓarna daga ciki

Aikin na cin rayuka. Ranar 4 ga Maris na 2016 'yan bindiga suka kai hari gidan kula da tsofaffi a Aden ta Yaman, suka kashe mutum 16 ciki har da sistoci huɗu, suka tafi da Fada Tom Uzhunnalil, ɗan Don Bosco daga Indiya. Sai a Satumban 2017 aka sako shi bayan Oman ta shiga tsakani. Ranar 15 ga Fabrairun 2019 aka harbe Fada Antonio César Fernández, ɗan Sifen mai shekara 72 da ke Afirka tun 1982, a wani shingen kwastan na kudancin Burkina Faso yana dawowa daga taro a Lome. A Nijar, an sace Fada Pier Luigi Maccalli na wata ƙungiyar daban daga ƙauyen Bomoanga a Satumban 2018, ya shafe shekara biyu a hannu kafin a sako shi a Mali. Ba kowane kisa ne ke da nasaba da aƙida ba. Lokacin da aka kashe wani limami ɗan Polan a makarantar Manouba a 2011, an yi ta zargin masu tsattsauran ra'ayi, sai bincike ya nuna wani mai yi wa makarantar aiki ne ya aikata saboda rikicin kuɗi.

Akwai kuma ɓarnar da ta fito daga cikin gida, wadda littattafan yabon kai ba su cika tsayawa a kanta ba. A ƙarshen kudancin Amurka ta Kudu, masu kiwon tumaki Turawa sun riƙa farautar 'yan ƙabilar Selk'nam kamar namun daji. 'Yan Don Bosco suka buɗe matsuguni a tsibirin Dawson na ƙasar Chile a 1889 da nufin ba su mafaka. Aka tara mutanen da suka saba yawo a sarari wuri guda, aka sauya musu tufafi da abinci da harshe, sai tarin fuka da sauran cututtukan baƙi suka bi ta kansu. Ɗaruruwa suka mutu. Lokacin da aka rufe wurin a 1911, 'yan tsiraru ne suka rage. Kyakkyawar niyya ba ta hana mafakar zama maƙabarta ba.

Na kusa-kusa ya fi muni, domin ya taɓa ainihin abin da ƙungiyar ke taƙama da shi. Tsarin da ya ce babba ya kasance kusa da yaro ko da yaushe, aljanna ce ga mugu idan babu mai sa ido. Hukumar binciken da gwamnatin Ostireliya ta kafa kan cin zarafin yara ta sanya ƙungiyar a cikin waɗanda aka fi kai ƙarar mambobinsu, a alƙaluman da ta fitar a 2017. A 2019 tashar CNN ta bankaɗo yadda aka tura wani limaminsu ɗan Beljiyam zuwa Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya bayan kotun ƙasarsa ta same shi da laifin lalata da yara a 2012 ta kuma hana shi kusantar su, har ya kai ga shugabantar hukumar agajin Cocin a can. Wannan ya nuna yadda za a iya mayar da aikin mishan juji, a kwashe matsala daga inda jarida da kotu ke da ƙarfi a zubar da ita inda ba su da shi. A shekarar ce Fafaroma Francis ya kafa dokar da ta wajabta wa limamai da sistoci kai rahoton duk wani zargi, kuma lardunan ƙungiyar sun fitar da ƙa'idojin kare yara. Amfanin ƙa'ida yana ga ko yaron da ke Kakuma ya san wanda zai kai wa kuka, kuma ko za a saurare shi.

Kogin ya juya

A Kampala, a 1969, Fafaroma Paul na Shida ya shaida wa 'yan Afirka cewa lokaci ya yi da za su zama 'yan mishan na kansu. Abin ya wuce yadda ya zata. Ƙungiyar Don Bosco ta ƙaddamar da shirin faɗaɗa aiki a Afirka a 1978, ta iso Akure da Ondo a 1982. Shekara talatin bayan shirin Afirka, a 2008, ta ƙaddamar da shirin Turai, wanda ke nufin aiko da matasan mambobi daga Asiya da Afirka su raya gidajen da tsufa ya cinye a Faransa da Beljiyam da Hangare da sauransu.

Najeriya na tsakiyar wannan juyi. A 1977 Kadinal Dominic Ekandem ya kafa Ƙungiyar Mishan ta St. Paul, wadda makarantar horar da limamanta ke Gwagwalada a Abuja, kuma tun 1986 take tura limamai waje, da farko zuwa Kamaru da Laberiya da Amurka. Yau akwai limaman Najeriya a coci-cocin Ayalan, ƙasar da 'ya'yanta suka gina yawancin makarantun Katolika na Kaduna da Jos da Yola.

Wanda aka tura Turai yakan tarar da wani irin talauci da horonsa bai shirya shi ba. Yaran ba su rasa abinci ba, filin wasa a gyare yake, amma babu kowa a ciki, kuma iyaye na ɗari-ɗari da duk wani mai rigar limanci saboda abin da ya faru a baya. Inda ya fi samun aiki irin wanda ya sani shi ne a cikin baƙi. A tsibirin Sisili, gidajen ƙungiyar na karɓar samarin Afirka ta Yamma da suka ratso Agadas da Libiya suka tsallaka teku ba tare da iyaye ba, yayin da cibiyoyinta a Sunyani ta Ghana da Tambacounda ta Senegal ke ƙoƙarin koya wa ƙannensu noma da sana'a don kada su kama hanyar.

Lissafin dai bai daidaita ba. Afirka na da Katolika kimanin miliyan 281 a 2023, kashi ɗaya cikin biyar na mabiya ɗariƙar a duniya, amma limami guda a nahiyar na kula da mabiya sama da 5,000, alhali takwaransa na Turai bai kai 2,000 ba. Wato mai ƙaramin rumbu ne ke ba mai babba rance. Vatican ta lura da haka tun 2001, lokacin da ofishinta mai kula da ƙasashen mishan ya fitar da umarni kan limaman da ake tura su karatu Turai da Amurka su ƙi komowa, ya buƙaci bishop mai turawa da mai karɓa su rubuta yarjejeniya, su kuma sa wa zaman wa'adi. Umarnin ya shafi limaman da ke ƙarƙashin bishop-bishop ne kai tsaye. Bai shafi 'yan ƙungiyoyi irin Don Bosco ba, waɗanda tun ranar da suka rubuta wasiƙar miƙa kai suka amince cewa ƙasar da aka tura su ita ce za a binne su a cikinta.